Yajin Na'Allah

Duk wanda ya shigo unguwar Briqueterie da la'asar, wadda 'yan gari ke gajarcewa su ce Birik, hayaƙin nama ne ke fara yi masa sannu da zuwa kafin wani mahaluki ya buɗe baki. Masu tsire a jere suke a bakin titi, kowa da tukubarsa, kowa kuma a shirye yake ya rantse nasa ya fi na maƙwabcinsa. Amma an yi shekaru masu yawa da in baƙo ya shiga tasi a Yawunde ya ce a kai shi inda zai ci soya, kamar yadda mutanen kudu ke kiran tsire, direba ba ya tambayar wajen wa. A gaban rumfar Na'Allah yake taka birki.

Na'Allah gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙirji, hularsa kullum a karkace kamar za ta faɗi, ba ta kuwa taɓa faɗuwa ba. A nan Birik aka haife shi. Mahaifinsa mahauci ne da ya biyo shanu daga ƙasar Katsina tun yana saurayi, ya zauna, ya yi aure, ya rasu bai koma ba. Abin da ya bar wa ɗansa bai wuce tsofaffin wuƙaƙe da tukubar da ruwan sama ya zaizaye gefenta ba, sai kuma yaji irin na kowa da kowa: ƙuli-ƙuli, citta, barkono, kanumfari da gishiri. Da wannan yajin Na'Allah ya fara, kuma da shi ya daɗe yana korar ƙuda a kan naman da babu mai tayawa.

Wata rana ya shiga kasuwar Mokolo sayen albasa, sai ya tsaya gaban wata mata 'yar kudu mai sayar da kayan miya. Ya ɗauki ƙwayar farin masoro na Penja ya tauna. Ya ɗauki pebe, wani ɗan itace mai ƙamshi da suke sa wa miyar kifi, shi ma ya tauna. Matar tana ta dariya ganin Bahaushe yana cin kayanta ɗanye, shi kuwa ya tsaya ido a rufe a tsakiyar hanya, masu tura baro suna zaginsa. Da ya koma gida ya daka su ya zuba a yajin ubansa.

Dattawan mahauta suka kira shi zaure. Suka ce ya ji tsoron Allah, wannan kayan miyar kifi ne, ubansa bai yi haka ba, kakansa bai yi ba. Wani ma ya ce in bai daina ba, kafin babbar salla zai koma dako a Mokolo. Na'Allah ya durƙusa ya saurara kansa a ƙasa, ya ce ya gode, ya tashi ya je ya ƙara masoron. Ba a daɗe ba sai ga ma'aikata masu kwat suna layi a gaban rumfarsa, mata daga unguwar Messa suna aiko da kwanuka, su dattawan nan kuma suna tura a sayo musu a ɓoye su sansana ko za su gane abin da ya zuba.

Daga nan ya ɗauki darasin da ya riƙe har furfura: kowa ya yi kuskure, shi kaɗai ya yi daidai. Abin takaicin shi ne gaskiya ne, haka aka yi. Da ƙarya ne da abin ya zo da sauƙi.

Allah ya buɗa masa. Ya rushe gidan ƙasa ya gina na bulo, ya sauke farali, ya sa 'yarsa Lubna a makaranta har ta gama jami'a ta yi aure a Duwala. Ya ɗauki manyan maza aiki, masu yanka da masu tsirewa. Bencin da ke gefen rumfarsa ya zama majalisa. Teloli da masu shagon atamfa da sababbin zuwa daga Najeriya masu neman inda za su dafa, duk nan suke zama, kuma da wuya a tashi wani bai tambaye shi asirin cin nasara ba. Shi kuwa abin da yake jira ke nan. Sai ya gyara tsayuwa, ya nuna mutum da tsinken tsire.

"Wane asiri? Ku dai kun cika tambaya. Ka ɗinka riga da hannunka, sannan ka ce wa mai ita, ta yi? Ai ranar da ka tambaya, ranar ka nuna masa kai ma ba ka tabbata ba. Ni tunda nake ban taɓa ce wa ɗan Adam ɗanɗana min ba. Ka yarda da kanka, mutane za su biyo baya, ko suna so ko ba sa so."

Sai a gyaɗa kai. Wasu har suna maimaita maganar a shagunansu kamar su suka ƙirƙiro ta.

Ba cika baki kawai yake ba, haka yake aikinsa. Kowace safiya da hantsi ma'aikata za su daka kayan yaji, kowanne daban, su tankaɗe, su jera a tsakar gida su fice. Sai ya fito ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno da babban baho a gabansa. Ba ya awo, ba gwangwani ba cokali. Hannu yake sawa ya ɗebo wannan, ya ɗebo wancan, ya cuɗa, sannan ya dangwala ɗan yatsa ya ɗora a harshe, ya rufe ido. In ya buɗe ya ce "Ya yi," to ya yi ke nan. Babu harshen da ke taɓa yajin nan kafin ya hau nama sai nasa.

Mutum ɗaya ce ta taɓa gwadawa, matarsa Safiyatu. A shekarar farko ta aurensu ne, lokacin tana amarya mai yawan surutu da dariya. Ta zo wucewa da tsintsiya, ta sa yatsa a bahon ta lasa, ta ce, "Malam, yau kamar citta ta ɗan yi yawa." Ma'aikata ba su riga sun fita ba, sun ji. Na'Allah bai ɗaga murya ba, bai kuma taɓa yajin ba. Ya je ya sayar da naman ranar kaf, ya dawo ya gaya mata ba a bar ko tsinke ba. Sannan ya daina cin abincinta. Ta girka ta ajiye, ya tsallake ya je ya ci a waje, haka har damina ta wuce, sai da manyanta suka zo suka ba da baki. Tun daga lokacin Safiyatu ta koyi amsa guda. Ya ɗinka sabuwar riga, ya canza fentin gida, ya zaɓa wa Lubna makaranta, duk abin da ya yi in ya dube ta sai ta ce, "Ya yi daidai, Malam." Surutun ya tafi, dariyar ma ta ragu. Shi kuwa a majalisa har yabonta yake, wai Allah ya ba shi mace mai hankali.

A shekarar da aka sa wa kowa takunkumi a hanci, zazzaɓi da mura suka kayar da shi. Ya yi kwanaki a kwance, ya tashi, aka yi ta zuwa barka. Ranar da ya fara fita tsakar gida Safiyatu ta kawo masa shayi. Ya kurɓa ya ji ruwan zafi kawai. Ya buɗe baki zai yi faɗa an hana shi sukari, sai ya ga sukarin kwance a gindin kofi. Ya lalubo goro a aljihu ya ɓantara, ya tauna, ya tauna, babu ɗaci babu garɗi, kamar yana tauna ɗanyen rogo. Ya tashi ya je inda aka jera kayan yaji, ya ɗebi kanumfari ya kai hanci. Babu komai. Nan gabansa ya faɗi, irin faɗuwar da bai taɓa ji ba tun ranar da aka binne mahaifinsa.

Ya ce wa kansa mura ce, za ta sake shi. Mako ya wuce, wata ya wuce. Ya je wani asibiti can nesa da unguwa, inda babu wanda ya san shi, likita ya ce wasu abin yana dawo musu, wasu kuma ba ya dawowa, sai dai haƙuri. Ya sha jiƙe-jiƙe a ɓoye, ya yi hayaƙi, ya yi surace. Harshe dai ya ƙi farkawa. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa? Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa unguwa cewa tambaya rauni ce, da wane baki zai ce ga shi ya zo tambaya?

Saboda haka kowace safiya ya ci gaba da zama gaban bahon. Ya cuɗa, ya dangwala, ya rufe ido, a cikin duhun nan kuma babu abin da ke zuwa. Da farko hannunsa ya riƙe masa amana, don hannu ma yana da nasa sanin. Amma tsoro mugun abokin aiki ne. In ya ɗora yajin a harshe bai ji komai ba, sai zuciyarsa ta ce lami ne, ƙara gishiri. Ya ƙara, bai ji ba, ya sake ƙarawa. Barkono ne kaɗai ke ɗan yi masa raɗaɗi a leɓe, shi ma sai ya riƙa zuba shi da yawa don dai ya ji wani abu ya amsa masa. A hankali hannun ma ya rikice, ya manta inda yake tsayawa a da. Sannan ya buɗe ido ya ce "Ya yi," da ƙarfi fiye da yadda ya saba.

Layi ya fara gajarcewa. Masu kwat suka koma tukubar gaba, kwanukan Messa suka ɗauke ƙafa. Na'Allah ya ce tsadar rayuwa ce, ya ce hassada ce, ya ce mutanen yanzu ba su san abu mai kyau ba. 'Yan majalisa suka ce ƙwarai kuwa. Mutanen Birik akwai kara. Mutum zai ci tsiren ya ji kamar ya lashi kanwa, hawaye na zubo masa, amma ya dubi dattijon da ya halarci sunansa ya ce, "Alhaji, sai kai." Ma'aikatansa sun sani tun tuni, sai dai kowannensu yana da iyali, kuma duk sun ji labarin cittar Safiyatu.

Mutanen kudu ba su da wannan ɗawainiyar. Wata la'asar wata mata daga Messa, tsohuwar mai saye, ta ci yanka ɗaya a tsaye ta tofar a hannu.

"Aladji, c'est trop salé! Gishiri, gishiri! Me ya same ka?"

Na'Allah ya yi dariya, ya ce madam ta saba da miyar kifi ne, bakinta ya lalace. Ta kaɗa kai ta tafi. Sai ya juya ga amininsa Njidda, wanda ke zaune a ƙarshen benci.

Njidda Bafulatani ne daga Ngaundere, dillalin shanu, dogo siriri mai maganar ƙasa-ƙasa. Tun suna samari yake zaɓo wa Na'Allah shanu, kuma babu ranar da ba ya zuwa ya sayi ƙunshin tsire ya tafi da shi gidansa a Nkomkana.

"Njidda, ka ji wai gishiri?"

Njidda ya dubi ƙasa, ya ja carbinsa. "Soobajo, abokina, yajinka ai yajinka ne."

Wannan amsar Na'Allah ya rungume. Duk lokacin da shakka ta taso masa sai ya ce, ai ga Njidda. Mutumin da ya san nama tun yana tafiya da ƙafafunsa, da abin ya lalace zai riƙa saye kullum? Ƙunshin nan na takardar siminti da Njidda ke saƙalewa a hammata shi ne ya zame masa hujja, da shi yake samun barci.

Ran nan Njidda ya karɓi ƙunshinsa ya tafi, ya manta wayarsa a kan benci. A da Na'Allah ba shi da lokacin ko sosa kai a irin wannan sa'a. Yanzu kuwa nama na kan wuta babu mai jira, sai ya sa wayar a aljihu ya ce bari ya miƙe ƙafa. Ya bi ta lunguna ya haura Nkomkana, yana tsallake kwatoci, yana amsa gaisuwa.

Gidan Njidda irin gidan haya ne mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Ya yi sallama daga bakin ƙofa. Matar Njidda, Kaltuma, tana tsugune a gindin famfo, ta juya baya, ƙarar ruwa ta hana ta ji. Ya sake sallama, yana shirin kawar da kai, sai idonsa ya faɗa kan takardar siminti a buɗe a ƙasa, da man tsirensa a jiki. Naman yana cikin roba. Kaltuma tana cuɗa shi da hannu biyu kamar mai wankin tsumma, ta tsiyaye jan ruwan a kwata, ta sake tara wani.

Ta waiwayo ta gan shi. Ta miƙe da sauri tana jan mayafi, hannunta na ɗigar ruwa.

"Baban Lubna! Sannu da zuwa. Wallahi ban ji ba."

"Me kike yi wa naman?"

Ta dubi robar, ta dubi ƙofar ɗaki. Kaltuma ba ta iya ƙarya da sauri ba. "Ɗauraye shi nake, in sa a miya. In an wanke ya jiƙa, yana ciyuwa. Ba sai na sa gishiri a miyar ba ma." Ta ji abin da ta faɗa, ta rufe baki da hannu.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Njidda ya fito daga ɗaki da buta a hannu. Ya ga amininsa, ya ga robar, ya ajiye butar a hankali. Kaltuma ta shige ciki. Na'Allah ya ciro wayar ya miƙa masa.

"Shekara guda, Njidda. Kana saye kana kawowa ana wankewa. Me ya hana ka gaya min?"

"Na yi niyya, ba sau ɗaya ba."

"To?"

"Soobajo, wa ka taɓa bari ya gaya maka? Kai ka ce mana mai tambaya bai yarda da kansa ba. Ka tambaye ni a gaban jama'a kana dariya. Na duba fuskarka, na ga ba amsa kake nema ba." Sannan ya ƙara da murya ƙasa. "Na ce in na daina saye za ka gane, in ka gane kuma ban san me zai same ka ba. Shi ya sa."

Na'Allah ya so ya yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Ya so ya ce harshena ne ya mutu, ya kasa. Ya juya ya fita ko sallama babu. A hanya wani tela ɗan majalisarsa ya ɗaga masa hannu daga shago ya ce, "Alhaji, sai kai!" Bai taɓa jin maganar da ta yi masa ciwo kamar wannan ba. Ya riƙa duban fuskokin da ke gaishe shi yana tambayar kansa, wannan ma ya sani? Wancan fa? Ashe unguwa guda ta taru tana lallaɓa shi kamar mara lafiya, shi kuwa yana tsaye yana koya musu yadda ake cin nasara.

Washegari da hantsi aka jera kayan yaji, ma'aikata suka fice. Ya zauna gaban bahon ya daɗe bai taɓa komai ba. Abin da ya rage masa a duniya sunan yajin nan ne, kuma ya san sunan na gab da tafiya. Hanya ɗaya ce ta rage: ya sami harshen da zai ara, na mutumin da zai gaya masa gaskiya kowace safiya, a cikin gida, ba tare da unguwa ta ji ba. Ya ɗaga kai. Safiyatu tana bakin madafa tana tsince shinkafa. Ita ce ta gane citta ta yi yawa da lasa ɗaya. Ya tuna, a ranar ma ya san gaskiyarta ce.

Amma yana so ya tabbata. Ya ɗebi yaji kaɗan a tafin hannu, ya kamfaci gishiri da gangan ya zuba a kai, mai yawan da ko jaki ba zai lasa ba, ya cuɗa.

"Safiyatu."

"Na'am, Malam."

"Zo."

Ta ajiye faifan ta zo ta tsaya nesa kaɗan da bahon, inda ta saba tsayawa. Ya miƙa mata hannu. Kalmar ta yi masa nauyi kamar zai ɗaga bijimin sa shi kaɗai.

"Ɗanɗana min."

Ta dube shi, ta dubi hannun. Ta waiwaya ko akwai wani a tsakar gidan. Sannan ta sa yatsa ta dangwala ta kai baki. Ya ga yadda leɓenta ya motsa, ya ga maƙogwaronta ya yi ƙoƙari kafin ya haɗiye, ya ga ruwa ya cika mata ido. Zuciyarsa ta buga da murna. Yanzu za ta faɗa.

"Ya yi daidai, Malam."

"Safiyatu, dube ni. Ba faɗa zan yi ba. Don Allah, gaya min yadda kika ji."

Tunda aka ɗaura musu aure bai taɓa ce mata don Allah ba. Ta dube shi da jajayen idanu, ya ga tana neman tarkon da ke cikin maganar. Ya ga amaryar nan mai surutu ta leƙo daga can cikin idanunta, ta tuna damina guda ta abincin da ake tsallakewa, ta koma.

"Ya yi daidai," ta ce a hankali. "Kamar kullum."

Ta juya ta nufi randa. Yana zaune da gishirin a tafin hannunsa, ya ji ta cika moɗa ta shanye, ta sake cikawa.